Sakamakon jarrabawa da asalin ɗalibai: yaya ake kwatanta makarantun sakandaren gwamnati?

Mahaifiyar Ɗan Aji Shida ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da iyaye da duk wanda ya san harkar alƙaluma a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni tun farkon wannan zangon karatu. Ɗana na fari zai shiga sakandare a shekara mai zuwa, kuma a yankin da muke zaune akwai makarantun gwamnati guda uku da za mu iya nema masa. Hukumar ilimi tana fitar da jadawali duk shekara wanda yake nuna yawan ɗaliban kowace makaranta da suka ci jarrabawar gama sakandare, sannan a gefe guda akwai bayani game da su ɗaliban kansu: nawa ne suka fito daga gidajen masu ƙaramin ƙarfi, nawa ne harshensu na gida ya bambanta da harshen koyarwa, nawa ne suke da buƙata ta musamman, da kuma yawan maza da mata.

Makaranta ta farko ta daɗe tana saman jadawalin, kuma tana cikin unguwar da mafi yawan mazaunanta masu hali ne. Ta biyu babba ce ƙwarai, sakamakonta tsaka-tsaki ne, ɗalibanta kuma gauraye suke. Ta uku ita ce mafi kusa da gidanmu, ita ce kuma a ƙasan jadawalin, sannan fiye da rabin ɗalibanta 'ya'yan talakawa ne, da yawansu iyayensu baƙi ne da neman aiki ya kawo su. Abin da ya sa na kasa yanke shawara shi ne, idan na jera makarantun nan bisa sakamako, sannan na sake jera su bisa wadatar iyaye, jeri ɗaya nake samu sak.

Maigidana yana ganin gara mu tashi mu koma kusa da ta farko, ko da hakan zai takura mu. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba. Yaron yana da ƙoƙari a karatu da rubutu, amma lissafi yana ba shi wahala, ga shi da kunya, ba ya ɗaga hannu ya yi tambaya a aji. Shin jadawalin nan ingancin koyarwa yake nuna mini, ko kuwa irin yaran da suke shiga ƙofar makarantar? Kuma shin daidai ne in riƙa duba sashen da yake bayyana asalin ɗalibai? Ina jin nauyin hakan sosai, domin ni ma a gidan da ba a da hali na tashi, kuma da a ce iyayen wasu sun guje wa ajinmu saboda irina, da abin ya yi mini ciwo.

Tsohon Shugaban Makaranta ya rubuta:

Wa alaikumus salam, 'yata. Na yi shekara talatin da 'yan kai tsakanin aji da ofis kafin in yi ritaya, kuma abin da kika gano da idonki, masana sun shafe fiye da rabin ƙarni suna tabbatar da shi. A shekarar 1966 gwamnatin Amurka ta fitar da rahoton wani gagarumin bincike da masanin zamantakewa James Coleman ya jagoranta, wanda ya shafi ɗalibai sama da 600,000. An yi tsammanin zai nuna cewa gine-gine da littattafai da kuɗin da ake kashewa su ne suke raba sakamakon makarantu, sai ga shi ya nuna cewa halin gidan da yaro ya fito, musamman ilimin iyaye da wadatarsu, ya fi waɗannan tasiri. An yi ta jayayya a kan hanyoyin da ya bi, amma ginshiƙin maganarsa bai rushe ba har yau. Jarrabawar PISA, wadda OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashen da galibinsu suka ci gaba, take yi wa 'yan shekara 15 a ƙasashe masu yawa tun daga 2000, ta ci gaba da nuna hakan, domin a zagayen 2022 matsayin iyali shi kaɗai ya ɗauki kimanin kashi 15 cikin 100 na bambancin makin lissafi tsakanin ɗaliban ƙasashen ƙungiyar. Idan kuma aka tara yara masu hali iri ɗaya a makaranta ɗaya, sai tazarar ta ƙara faɗi a kan jadawali.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaron da ya tashi a gidan da ake karatu, yake da inda zai zauna ya yi aikin makaranta da dare, aka ɗaukar masa mai ƙara masa darasi idan ya gaza, kuma ba a tura shi neman kuɗi bayan an tashi, yana shiga ajin farko na sakandare ne da ratar da ya riga ya bai wa sa'o'insa. Ranar da ya ci jarrabawa, makaranta ce take karɓar yabon gaba ɗaya, alhali wani kaso mai tsoka na aikin a gida aka yi shi. Ban ce makarantar farko ba ta da kyau ba, wataƙila tana da kyau ƙwarai. Abin da nake cewa shi ne wannan jadawalin ba zai iya shaida miki hakan ba, domin ko malamanta sun yi sakaci na shekara guda, iyaye za su toshe giɓin, sakamakon kuma ba zai motsa sosai ba.

Amma abin da na fi so ki riƙe daga bakina tambaya ce guda. Duk lokacin da aka ce miki kashi kaza cikin 100 sun ci, ki ce, cikin su wa? Na taɓa aiki a wata makaranta da ake yabo, inda a kan kira iyayen yaran da ake tsoron za su faɗi, a lallashe su cewa yaro ya maimaita aji ko ya je ya yi rajistar jarrabawa a wani wuri, har ya zamana waɗanda suka rage a ajin ƙarshe zaɓaɓɓu ne kawai. Na yi shiru a kan wannan na tsawon shekara biyu, kuma har yanzu ina tuna fuskokin wasu daga cikin yaran nan. Wannan ɗabi'a ba ta ƙasa ɗaya ba ce. Ofsted, hukumar da ke sa ido a kan makarantun Ingila, ta sha tsawatarwa a kan cire ɗalibai daga rajista don amfanin makaranta, Amurka kuma ta wajabta wa jihohinta ƙirga masu kammala sakandare daga adadin waɗanda suka shiga aji na tara, wato ajin farko na babbar sakandare a can, shekara huɗu kafin nan, maimakon daga waɗanda suka kai ajin ƙarshe. Saboda haka ki nemi lambobi uku daga kowace makaranta: nawa suka shiga ajin farko a shekararsu, nawa ne daga cikinsu suka zauna jarrabawa, nawa suka ci.

Akwai kuma wata illa da ta shafi ɗanki kai tsaye. Tun a shekarun 1970 masanin nan Donald Campbell ya yi gargaɗin cewa duk ma'aunin da aka ɗora wa hukunci mai nauyi, mutane za su fara yi wa ma'aunin aiki su bar abin da ake aunawa. Mafi munin misali shi ne na birnin Atlanta a Amurka, inda binciken jihar Jojiya ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a 2011 kan gyara amsoshin ɗalibai, aka kuma samu 11 da laifi a kotu a 2015. Amma wanda ya fi yawa, wanda ba a kai kowa kotu a kansa, shi ne mayar da hankali kacokan a kan yaran da suke dab da layin ci. Wanda ya yi nisa a sama a kan ƙyale shi domin zai ci ko ta yaya, wanda ya yi nisa a ƙasa kuma a kan haƙura da shi. Idan raunin ɗanki a lissafi mai zurfi ne, makarantar da ta damu da matsayinta a jadawali tana iya zama wadda ba za ta ɓata lokaci a kansa ba.

Mai Aikin Ƙididdiga ya rubuta:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara lafiya. 'Yar'uwa, ni zan amsa tambayarki ta biyu ne, kuma amsata ita ce lallai ki duba sashen asalin ɗalibai, domin idan babu shi, ba a iya karanta sashen sakamako daidai. Bari in nuna hakan da misalin da na ƙirƙira da kaina.

A ƙaddara makarantu biyu, kowace tana da ɗalibai 100 a ajin ƙarshe. A ta farko, 80 sun shigo da ƙarfinsu daga firamare, 20 sun shigo da rauni. A ta biyu kuwa 20 ne masu ƙarfi, 80 masu rauni. A ta farko, 56 daga cikin masu ƙarfi suka ci, wato kashi 70 cikin 100, sai 6 daga cikin masu rauni, wato kashi 30, jimla 62. A ta biyu, 17 daga cikin masu ƙarfi suka ci, wato kashi 85, sai 36 daga cikin masu rauni, wato kashi 45, jimla 53. Jadawali zai ɗora ta farko a sama da maki tara, alhali ko wane irin yaro ne naki, mai ƙarfi ko mai rauni, ya fi samun damar ci a ta biyu. Masana ƙididdiga suna danganta wannan juyin da sunan Edward Simpson, wanda ya yi rubutu a kansa a 1951, kuma yana aukuwa a zahiri duk inda rukunoni ba su yi daidai da juna a yawa ba.

Wannan ne ya sa wasu ƙasashe suka sauya yadda suke fitar da bayanai. Dokar ilimi da aka sa wa hannu a Amurka a 2002 ta tilasta wa makarantu bayyana sakamako rukuni-rukuni, na 'ya'yan marasa hali daban, na masu koyon harshen koyarwa daban, na masu naƙasa daban, don kada matsakaicin maki ya lulluɓe waɗanda aka bari a baya. Ostireliya ta buɗe shafin My School a 2010, inda ake auna makaranta da waɗanda ɗalibansu suke da asali irin na nata. Ingila kuma, wadda ta fara buga jadawalin makarantu a 1992, ta koma amfani da ma'aunin da ta kira Progress 8 a 2016. Shi wannan yana ɗaukar makin yaro a ƙarshen firamare, ya dubi abin da ya samu a darussa takwas yana ɗan shekara 16, sannan ya gwada shi da duk yaran ƙasar da suka tashi daga maki irin nasa. Makarantar da ta samu sifili ta yi daidai da matsakaici, wadda ta haura kuma ta ciyar da yaranta gaba fiye da yadda aka zata. Idan hukumarku tana fitar da ma'aunin ci gaba irin wannan, shi ne ya kamata ki fara dubawa. Idan ba ta fitarwa, ki nemi sakamakon rukunin da ɗanki ya fi kama da su, ki gwada shi tsakanin makarantun uku.

Sai dai ko wannan ma'auni kada ki ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba. Sakamakon shekara ɗaya yana rawa, musamman a ƙaramar makaranta, domin a ajin da yake da ɗalibai 30, yara uku kacal da suka yi rashin lafiya a makon jarrabawa za su zaftare maki 10 cikin 100, alhali a ajin masu 300 maki ɗaya ne za su rage. Ki haɗa shekara uku ko biyar kafin ki yarda cewa wata makaranta tana hawa ko tana sauka. George Leckie da Harvey Goldstein na Jami'ar Bristol sun ƙara nuna wata matsala a 2009, cewa sakamakon da iyaye suke gani na ajin da ya riga ɗansu da shekaru masu yawa ne, kuma kafin ɗansu ya kai ga jarrabawa, shugaba da malamai sun iya sauyawa. Da suka saka wannan rashin tabbas a lissafi, makarantu ƙalilan ne aka iya rarrabewa da matsakaici da ƙwarin gwiwa.

Game da shawarar tashi kuwa, ku yi lissafi da kyau. Atila Abdulkadiroğlu da Joshua Angrist da Parag Pathak sun wallafa bincike a 2014 a kan fitattun makarantun gwamnati na Boston da New York da ake shiga ta jarrabawa. Sun gwada yaran da suka haye makin shiga da ƙyar da waɗanda suka kasa da ƙyar, yara ne kusan iri ɗaya, sai suka ga shiga fitacciyar makarantar bai ƙara wa na farko wani abin a zo a gani a makin jarrabawa ba. Adrienne Lucas da Isaac Mbiti sun samu kusan irin wannan sakamako a manyan makarantun ƙasa na Kenya a shekarar 2014 ɗin. Amma gidajen da ke kusa da irin waɗannan makarantu tsada suke yi, kamar yadda Sandra Black ta nuna a 1999 a unguwannin kewayen Boston, inda ƙarin kashi 5 cikin 100 a makin makarantar firamare ya tafi tare da ƙarin sama da kashi 2 a kuɗin gida. Ta haka ne abin yake ciyar da kansa: maki ya ja masu hali, masu hali su ɗaga maki.

Uban 'Yan Mata Uku ya rubuta:

Ina girmama abin da Baba da Malam suka faɗa, amma ina tsoron kada 'yar'uwarmu ta tashi da fahimtar cewa duk makarantu ɗaya ne, kuma maigidanta bai san abin da yake yi ba. Yana da hujja, kuma ya kamata a faɗe ta.

Shi kansa rahoton Coleman da aka ambata ya nuna cewa bayan gida, abokan karatu suna cikin abubuwan da suka fi tasiri, kuma tasirin ya fi ƙarfi a kan yaron da ya fito daga gidan da ba a da hali. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ajin da kowa yake ɗaukar shiga jami'a a matsayin abin da ba makawa yana jan yaro sama ba tare da malami ya ce uffan ba, ajin kuma da malami yake ƙarar da kashi ɗaya cikin uku na lokacinsa wajen tsawatarwa yana cutar har da yaron da ya zo da niyyar karatu. Na gani a kan 'yata ta tsakiya, wadda muka sauya wa makaranta bayan shekara biyu, kuma abin da ya fara sauyawa a wurinta shi ne irin hirar da take kawowa gida, tun kafin makinta ya motsa.

Binciken Boston da na Kenya ma ba su ne ƙarshen magana ba. Cristian Pop-Eleches da Miguel Urquiola sun bi irin wannan hanya a Romaniya, suka wallafa a 2013 cewa yaran da suka samu shiga makarantar da ta fi sun fi cin jarrabawar kammalawa, Kirabo Jackson kuma ya samu amfani makamancin haka a Trinidad da Tobago a 2010. Sannan duk waɗannan binciken a kan yaran da suke bakin layin shiga suke magana, ba su ce komai a kan sauran ba.

Haka kuma ban yarda da masu son a daina buga jadawali ba. Yankin Wales na Birtaniya ya daina bugawa a 2001 yayin da Ingila ta ci gaba, kuma Simon Burgess da abokan aikinsa sun gano daga baya cewa sakamakon ɗaliban Wales ya ja baya idan aka gwada da na Ingila, makarantun da dama suke ƙasa kuma su ne suka fi jin jiki. Talauci yana bayyana wani ɓangare na rashin ci, amma na sha ganin an mayar da shi uzuri, ana cewa ai yaran nan ba za su iya ba, alhali malami bai shiga aji ba tun safe. Ni shawarata ita ce a tambayi makaranta ta uku tambaya mai zafi kamar yadda za a tambayi ta farko, kada tausayi ya sa a sassauta mata.

Malamar Kimiyya ta rubuta:

'Yar'uwa, ni ina koyarwa ne a makaranta irin ta ukun da kika kwatanta, shekara goma sha ɗaya ke nan, saboda haka ki auna maganata da sanin inda na tsaya. Na yarda da Malam da ya gabace ni cewa kada a sassauta mana. Abin da nake roƙo kawai shi ne a tambaye mu abin da yake hannunmu.

Maganar baƙi ita ce ta fi taɓa ni a rubutunki, domin na san yadda iyaye suke karanta wannan layin a jadawali. A Ingila, ɗaliban da Ingilishi ba shi ne harshensu na gida ba sun fi sauran samun maki a ma'aunin ci gaban da aka ambata, kuma shi Simon Burgess ɗin ya nuna a 2014 cewa nasarar da makarantun Landan suka yi fice da ita tana da alaƙa mai ƙarfi da yawan 'ya'yan baƙi a cikinsu. Ban ce haka abin yake a ko'ina ba, amma a ajina, yarinyar da ta zo ba ta iya haɗa jimla ɗaya a harshen koyarwa, sau da yawa ita ce take kwana a kan littafi, domin iyayenta sun bar komai sun taho saboda ita. Sashen asalin ɗalibai yana gaya miki nauyin da makaranta take ɗauke da shi. Bai gaya miki tarbiyyar yaran ko burinsu ba, kuma idan kika karanta shi don ki fahimci sakamako, babu abin jin nauyi a ciki.

Wani abu da ba a ambata ba shi ne cewa a alƙaluman PISA, a matsakaicin ƙasashen OECD, kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai na bambancin maki yake tsakanin makaranta da makaranta, sauran kashi biyun a cikin makaranta ɗaya suke. Ɗanki ba zai zauna a matsakaicin makin makaranta ba, aji guda zai zauna, gaban malamai bakwai ko takwas. Idan makarantar tana raba yara bisa ƙoƙari, wanda yake da rauni a lissafi zai faɗa ajin ƙasa, kuma tambayar da za ta yanke makomarsa ita ce wane ne yake koyar da wannan ajin. A makarantu da yawa, har da masu suna, gogaggen malami yana ajin sama, sabon ɗauka ko wanda bai karanci darasin ba shi ake turawa ajin ƙasa. Ki tambayi shugaban sashen lissafi wannan kai tsaye, ki kuma tambaye shi yara nawa ne suka tashi daga ajin ƙasa zuwa na sama a bara. Idan babu ko ɗaya, to rabon ya zama hukunci na dindindin.

Ki nemi sanin malamai nawa suka bar makarantar cikin shekara biyu, da yawan ɗaliban da suke fashin zuwa, da yawan waɗanda aka dakatar ko aka kora. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Shi Jackson ɗin da aka ambata ya bi ɗaliban aji tara a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ya wallafa a 2018 cewa tasirin malami a kan zuwa makaranta da ɗabi'a da wucewa aji ya fi tasirinsa a kan makin jarrabawa iya nuna wanda zai kammala sakandare. Ga yaro mai kunya kamar naki, malamin da zai lura ya yi shiru ya matso kusa da shi ya fi masa sabon ɗakin gwaje-gwaje amfani.

Sannan ki je da ƙafarki, gani ya kori ji. Kada ki je ranar da aka shirya wa iyaye, ki je ranar karatu da aka saba, bayan an dawo daga tara. Ki tsaya a baranda minti goma ki ga azuzuwa nawa ne babu malami a ciki, ki roƙi a nuna miki littafin aikin wani ɗalibi matsakaici, ki duba ranar da aka yi masa gyara na ƙarshe da abin da malamin ya rubuta a ciki.

Mahaifiyar Ɗan Aji Shida ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Ni da maigidana mun karanta amsoshinku tare, kuma mun dakatar da maganar tashi har sai mun gama bincike. A makon nan na ziyarci ta biyu da ta uku, ta farko kuma sun ba ni rana a mako mai zuwa.

Baba, na yi tambayar da kuka ce. A ta uku, mafi yawan waɗanda suka shiga ajin farko sun kai ga zauna jarrabawa, kuma shugabar ta buɗe mini rajista da hannunta ba tare da na matsa ba. Azuzuwan da na leƙa a natse suke, littattafan harshe kuma an gyara su da kyau. Amma malaman lissafi biyu sun bar makarantar a bara, ɗaya kawai aka maye gurbinsa, kuma a yanzu malamin wani darasi ne yake koyar da lissafi a ƙananan azuzuwa, kuma lissafin ne daidai inda ɗana yake da rauni. A ta biyu sashen lissafi a cike yake, sai dai suna raba yara gida huɗu tun zangon farko bisa gwajin da suke yi a makon shiga, kuma da na tambayi yawan waɗanda suka tashi daga ajin ƙasa, shugaban sashen ya ce sai ya duba.

Malama, a kan wannan nake son ƙarin haske daga gare ki. Idan ya dawo mini da adadi, nawa ne za a ɗauka a matsayin alamar cewa ƙofar a buɗe take, kuma sau nawa a shekara ya kamata a sake gwada yaran kafin a ce rabon ya yi adalci?